Wata Bakwai Ina Dukan Taiki

Duk wanda ya san ni a wurin aiki ya riga sanin motata kafin ya san ƙofar ofishina. Fijo 504 ce fara, irin wadda aka harhaɗa a Kaduna, kuma ta girmi dukkan ɗaliban da nake koyarwa, har da wasu daga cikin malaman da muke shan shayi tare. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa fil a farkon shekarun 1980 da rancen mota na ma'aikata, lokacin yana jami'in duba makarantun firamare. A cikinta aka kai ni makarantar kwana ranar farko, a cikinta aka ɗauko mini amarya, a cikinta kuma muka bi gawarsa zuwa maƙabarta. Da aka zo rabon gado, 'yan'uwana suka ce babu mai iya wahalarta sai ni, aka yi mata kuɗi aka sa a kasona.

Ga matasan da ba su riski zamaninta ba, 504 mota ce da aka fara fitarwa a Faransa a 1968, aka kuma fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Ta yi shekaru tana zaman motar gwamnati da ta manyan ma'aikata, doguwarta mai layin kujeru uku kuwa ita ta riƙe tashoshin mota daga Sakkwato har Maiduguri. Injinta silinda huɗu ne, kaɗan ya rage ya cika lita biyu, ba shi da kwamfuta balle fitilar da za ta gaya maka abin da ke damunsa. Kafireta ke haɗa masa mai da iska, dilko ke raba masa wuta. Saboda wannan sauƙi nata ake cewa ko a ƙauye ta lalace ba za a rasa mai tashe ta ba. Ni ma da wannan imani na zauna har abin da zan ba da labari ya same ni.

Ciwon ya soma ne a hankali, wajen ƙarshen hunturu. Da safe lafiya lau take: in ja cok, in murɗa makulli, ta tashi ba gardama. Amma da zarar ta yi zafi na mayar da cok, na kuma iso danja ko cunkoso, sai injin ya kama rawa. Sitiyari na karkarwa a hannuna, sandar giya na kaɗawa kamar mai masassara. Wani lokaci ta farfaɗo da kanta, wani lokaci ta mutu murus, in tashe ta ana ta danna mini oda daga baya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne a buɗaɗɗiyar hanya ba ta da aibi. Na je Zariya na dawo a cikinta ba ta yi ko tari ba, amma ina shigowa gari ta mutu sau uku kafin in kai gida.

Bakanike na farko wani saurayi ne a bakin layinmu. Ban gama bayani ba ya ce, "Kafireta ce, Dakta." Ya kwance ta, ya wanke da fetur, ya hura jet da baki, ya mayar, sannan ya ɗauki sukudireba ya ɗaga mata sulo. Ta yi mako guda kamar ta warke. Na biyu ya ce wuta ce ba ta isa, muka sauya fulogi huɗu da wayoyinsu da kwantak da kwandansa. Na uku ya dafa kwayil ya ce yana zafi, muka sauya, ya ƙara da famfon mai. Da abin ya dawo sai ya ce gurɓataccen mai na sha, aka sauke tanki aka wanke, aka sa sabuwar filta. Daga nan na tafi Ƙofar Ruwa da kaina na sayo wata kafiretar ta hannu, aka ɗaura. Na huɗu kuwa ya saurari injin na ɗan lokaci, ya girgiza kai, ya ce ya gaji, sai an sauke shi an yi masa ringi. Kuɗin da ya ambata ya fi albashina na wata guda. Kowane ɗayansu, kafin ya rufe bonet, sai ya ƙara murɗa notin sulo da na mai. Ni kuma ina tara tsofaffin kayan da aka cire a wani buhu cikin but, ban san me ya sa ba, wataƙila halin mahaifina ne da ba ya zubar da ƙarfe.

Adalci ya wajaba in ce babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya faɗi abin da ba ya yiwuwa. Injin fetur abu huɗu yake buƙata: iska, da mai, da tartsatsin wuta a kan lokaci, da matsi a cikin silinda. Iska da mai kuma da ma'auni suke tafiya, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur idan aka auna da nauyi, wato lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska wajen lita dubu tara kafin ta ƙone sarai. A lokacin gudu injin yana juyi dubu uku ko fiye a minti ɗaya, yana da ƙarfin da zai haɗiye ƙananan kurakurai. A sulo kuwa juyin bai wuce 800 zuwa 900 ba, bakin kafireta kusan a rufe yake, mai ɗan kaɗan ne ke bi ta wata 'yar ƙofa da ba ta fi bakin allura da yawa ba. A wannan hali ɗan ƙaramin abu ya isa ya kayar da shi. Ƙurar hunturu na iya toshe jet ɗin sulo. Fulogi ɗaya na iya daina ba da wuta, inji ya koma tafiya da ƙafa uku. Bakin kwantak na iya cinyewa lokacin wuta ya goce. Kwayil na iya gazawa idan ya yi zafi, bawul na iya ƙonewa matsi ya zube. Duk waɗannan suna kawo rawa da mutuwa, kuma a idon mai mota kamarsu ɗaya. Kuskuren da aka yi shi ne kowa ya zaɓi wanda ya fi sabawa da shi ya sa na biya, ba tare da ya gwada ya ga ko shi ne ba.

Ɗaga sulo kuwa ya fi sauye-sauyen kaya yi mini ɓarna, domin yana ɓoye ciwo ne ya bar shi yana ci. Motar ta koma ruri a danja kamar za ta tashi sama, salansa na warin ɗanyen mai. Wannan kuma a zamanin da aka cire tallafin fetur, tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, bai kuma tsaya nan ba. Man da yake kai ni mako ya koma ƙarewa a kwana huɗu. Malamin jami'a da bai gama farfaɗowa daga bashin yajin aikin wata takwas na 2022 ba ya san abin da wannan ke nufi a tukunyar gidansa.

Ranar da abin ya wuce wasa, Hajiya na ɗauko zan kai ta asibiti ganin likitan hawan jini. Muna gangarowa wata mahaɗa sai wani mai Adaidaita Sahu ya yanko gabana ya tsaya cak don ɗaukar fasinja. Na taka birki. Injin ya mutu nan take, birkin kuma ya ƙage a ƙarƙashin ƙafata kamar na taka dutse. Na miƙe a kansa da dukkan nauyina, motar na ci gaba da silalewa, har ta dunguri bayan Adaidaitar. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni, fitila ɗaya ce ta fashe. Amma a madubi ina ganin tifa cike da yashi ta tsaya tazarar da ba ta fi taku biyu ba daga inda Hajiya take zaune. Ba ta ce komai ba sai salati. Da muka dawo gida ta kira ni ɗakinta ta ce, "Mai motar nan ya riga mu gidan gaskiya. Kada son abin da ya bari ya sa ka kai mu inda yake kafin lokaci."

Maiɗakina ba ta tsaya sakaya zance ba. Ta ce 'ya'yanta ba za su sake shiga motar ba, a sayar ko da a kuɗin ƙarfe ne. Ta kuma tuna mini cewa tun watanni da suka wuce, ranar da ta ja ta zuwa gidan suna, ta dawo ta ce birkin ya yi tauri, ni kuma na yi dariya na ce ƙafarta ce ta saba da motocin zamani. Ban sami abin cewa ba. Na roƙi alfarmar gwaji ɗaya, na yi alkawari idan bai yi ba zan kira dillali.

Direban sashenmu ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a bayan gari, ya ce a ƙuruciyarsa ya yi aiki a masana'antar Kaduna, kuma duk tsofaffin direbobin Fijo sun san shi. Garejin nasa rumfar kwano ce a gindin darbejiya, da yara uku da benci ɗaya. Na yi sallama, na fara jera masa abubuwan da aka sauya, kamar mai karanta takardar sheda. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bar wannan tukuna. Zauna." Bai buɗe bonet ba. Ya zauna kusa da ni ya fara tambaya.

"Da sanyi take mutuwa ko in ta yi zafi?"

Na ce in ta yi zafi.

"Tana cikin gudu ta taɓa yankewa?"

Na ce ko sau ɗaya.

"In ta mutu, nan take take tashi, ko sai ta huce?"

Na ce nan take.

Ya ce, "To, kwayil ya fita, famfo ma ya fita. Kwayil in zafi ya kashe shi sai ya huce yake dawowa. Famfon da ya gaza kuwa a kan gudu da hawa yake nuna hali, lokacin da ake buƙatar mai da yawa. Yaushe take mutuwa?"

Na ce, "Baba, ai na gaya maka, idan na tsaya."

Ya dube ni ya ce, "Da me kake tsayawa?"

Na yi shiru, don ban gane inda ya dosa ba. Ya karɓi makulli ya ce in shiga gefe. Muka zaga har injin ya yi zafi, sannan ya shiga wani fili a bayan garejin. Ya ɗan ja ta, ya mayar da giya firi, ya ɗauke ƙafafunsa duka biyu, ya bar ta tana gangarawa, ya tsayar da ita da birkin hannu. Injin ya yi rawarsa amma bai mutu ba. Ya maimaita sau uku, sau uku tana raye. Daga nan, tana tsaye wuri ɗaya, ya ce in kasa kunne, ya taka birkin ƙafa ya riƙe. Sai na ji wani siririn huci daga ƙarƙashin sitiyari, kamar ana sace iskar taya, injin ya shaƙe, ya yi tari biyu, ya mutu.

Ya ce, "Ka gani? Tsayuwa ba ta kashe ta. Birki ke kashe ta."

Sai a lokacin ya buɗe bonet. Ya nuna mini wata baƙar tukunyar ƙarfe a bayan mastan birki, wadda makanikai ke kira busta, da wani tiyo mai kauri da ya taso daga jikinta ya shiga manifol. Ya yi mini bayani da Hausar da ko yaron firamare zai gane. Inji yana zuƙar iska kamar mai shan fura da tsinke, kuma a sulo, da yake bakin kafireta a rufe yake, zuƙar ta fi ƙarfi. Masu ƙera mota suka ari wannan zuƙa ta hanyar tiyon nan suka kai cikin tukunyar. A cikinta akwai tantanin roba da ya raba ta gida biyu. Idan ka taka birki, iskar waje na shiga ɓangare ɗaya ta tura tantanin, ta ninka ƙarfin ƙafarka. Idan tantanin ya yage, iskar sai ta zarce ta bi tiyo ta faɗa cikin inji ta bayan kafireta, inda ba a auna ta ba, ba a kuma haɗa ta da mai ba. A kan gudu wannan iska ba ta kai a kula ba, don wadda injin ke sha ta ninka ta sau da yawa. A sulo kuwa ta isa ta tsinka haɗin har wuta ta kasa kama shi. Da safe cok ne yake rufa asiri, domin yana ƙara mai. Tukunyar da ta yage kuma ba ta iya taimakon ƙafa, shi ya sa birki ya yi tauri.

Bai tsaya a magana ba. Ya sa na kashe mota, na taka birki sau biyar, na riƙe, sannan na tashe ta. Ya ce a lafiyayyar mota za ka ji birkin ya ɗan nutse ƙasa da zarar inji ya kama. Nawa ko motsi bai yi ba. Ya zare tiyon daga manifol ya toshe ramin da babban yatsansa, ya sa yaro ya tashe ta. Rawar nan ta wata bakwai ta tsaya cak. Yaron ya yi ta taka birki, injin ko a jikinsa. Sai dai salansa ta fara fitar da baƙin hayaƙi, ya ce wannan man da aka yi ta ƙarawa ne don a rufe iskar da ba a san daga inda take shiga ba. Ya lanƙwasa tiyon a gabana, ƙasansa ya buɗe da tsaga kamar bakin kifi. Wannan tsaga ita ke kawo rawa ko ba a taka birki ba, yagewar tantani kuma ita ke ƙarasa kisan. Roba ce da ta sha zafin inji da zafin bazarar Kano, inda ma'auni ke haura digiri 40, shekara da shekaru. Ba wanda ya yi laifi a nan sai tsufa da rashin dubawa.

Ya tambaye ni yaushe rabon da a sauya tiyon. Na ce ban sani ba. Ina laluben takardun mota a aljihun gaba sai hannuna ya faɗa kan wani ɗan littafin rubutu mai bangon shuɗi da na daɗe da mantawa da shi. Na mahaifina ne. Duk juyen baƙin mai, duk sauyin taya da fulogi da bel, ya rubuta kwanan wata da adadin kilomita da abin da ya biya, da irin rubutun nan nasa na malaman da. Sau biyu a ciki ya rubuta an sauya tiyoyin roba gaba ɗaya, ba don sun lalace ba, don lokacinsu ya yi. Shafin ƙarshe watanni kaɗan ne kafin rasuwarsa. Daga nan sai fararen shafuka. Dattijon ya karɓa ya duba, ya miƙo mini ya ce, "Mai wannan littafi ya san mota."

Gyaran bai ɗauki kwana biyu ba. Aka sa sabon tiyo, aka samo wata tukunyar ya gwada ta kafin a ɗaura. Ya sa na ɗauko buhun nan na but, ya zazzage. Ya ce kafiretar asali ta fi wadda na sayo, ya wanke ta ya mayar. Ya gwada tsohon kwayil da tsohon famfo, duka lafiyarsu ƙalau. Ya ciro fulogai, sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ya ce fulogi shi ne harshen inji: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, fari fat ƙarancin mai, baƙi busasshe yawan mai, baƙi mai maiƙo kuma baƙin mai ne ke hawowa, a nan ne ake fara zancen ringi. Da an duba su tun farko, in ji shi, da alama za a gan su fari, a gane iska ce ta yi yawa. Amma murɗe-murɗen da aka yi sun shafe sawun ɓarawo. Ya auna bakin kwantak da ma'auni ya daidaita a milimita 0.4, ya gyara lokacin wuta, ya sauke sulo har injin ya koma wannan sanyayyen sauti da na sani tun ina yaro a kujerar baya.

Da na tambayi kuɗi sai ya kasa shi biyu: kuɗin aiki daban, kuɗin dubawa daban. Na ji raina ya ɗan sosu, na ce a zuciyata, tambayoyi da zagaya fili ne za a biya? Kafin in kai bakin titi kunya ta kama ni. Ni da nake karɓar albashi a kan tunani da tambaya, ni ne nake ƙyashin biyan wani kuɗin tunaninsa. Jimillar abin da na ba shi, har da kayan, ba ta kai kuɗin kafiretar da na sayo ba gaira ba dalili.

A nan ne nake ganin laifin ya fi karkata gare mu masu mota. Mun saba ba ma biyan bakanike sai mun ga ya kwance wani abu, hannunsa ya yi baƙi, an jefar da tsoho an ɗaura sabo. Wanda ya zauna rabin sa'a yana saurare da tambaya, ya ce tiyo ne, za mu miƙa masa kuɗin ruwan leda mu yi godiya. Wanda ya ce a sauke inji kuwa za mu ciwo bashi mu ba shi, muna ganin ya yi babban aiki. Mu muka koya musu cewa bincike ba ya kawo abinci, sauya kaya ke kawowa. Yaran da ke tasowa a gareji kuma abin da suka ga yana kawo kuɗi shi suke koya. Sun iya kwancewa da ɗaurawa da sauri, amma ba kasafai ake zaunar da su a gaya musu dalilin da ya sa inji ke yin abin da yake yi ba.

Kada masu motocin zamani su ɗauka sun tsira. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wata kafa da ake jona na'ura ta karanto matsala, yawancin motocin da ke shigo mana yanzu suna da ita. Amma na'urar alama take bayarwa. Idan ta nuna P0171, abin da take cewa shi ne iska ta rinjayi mai, ba ta ce ga inda take shiga ba. Na ga abokan aiki sun sauya nozul da na'urar auna iska da famfo a kan wannan lamba, alhali wani ɗan tiyo ne ya tsage a bayan inji. Na'ura ta zo, halin bai sauya ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne darasin da nake koyarwa. Dabarun bincike nake koya wa ɗaliban ajin ƙarshe da masu digiri na biyu. Shekara fiye da goma ina gaya musu cewa idan abu biyu suna faruwa tare kullum, kada a ɗora wa ɗaya laifi sai an raba su an gwada kowanne shi kaɗai. Ina gaya musu a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta abin da aka gani, kada a watsar da shedar da ba ta yi wa mai bincike daɗi ba. Na sha jan layi da jan biro a kundin ɗalibi saboda ya karya waɗannan ƙa'idoji. Ga shi ni da kaina na yi wata bakwai ina cewa "idan na tsaya", ban taɓa lura cewa tsayawa abu biyu ce ba, ɗauke ƙafa daga totur da ɗora ta a kan birki. Sheda mafi ƙarfi kuma a cikin gidana aka kawo mini ita, na mayar da ita abin dariya saboda daga bakin matata ta fito. Mutumin da ya raba mini abubuwan biyu a cikin minti biyar bai taɓa shiga ajin dabarun bincike ba. Ni kuma ilimin nawa a ofis nake barinsa tare da allo, in je gareji in tsaya nesa don kada baƙin mai ya taɓa mini riga.

Ga mai tsohuwar mota da ke fama da irin wannan ciwo, abin da na koya ba shi da yawa. Kafin ka je gareji, yi kwana biyu kana lura: da sanyi ne ko da zafi, a tsaye ne ko a gudu, me ƙafarka da hannunka ke yi a daidai lokacin, shin kunna fitila ko na'urar sanyi na ƙara abin. Fara da abin da ba ya cin kuɗi, wato kallon fulogi, da filtar iska, da lalube tiyoyi ana lanƙwasa su, da kasa kunne ko za a ji huci. Idan bakanike ya ce abu kaza ne, tambaye shi cikin ladabi yadda za a gwada a tabbatar kafin a saya. Kada ka yarda a sauya abu uku rana ɗaya, don ko ta warke ba za ka san wanne ne ba. Karɓi tsohon kayanka ka adana. Idan aka ɗauki sukudireba za a ɗaga sulo, tambayi abin da ya sauke shi tun farko. Wasu na watsa fetur a jikin inji mai zafi don neman inda iska ke shiga, wannan kuwa wasa da gobara ne. Idan birki ya fara tauri, ajiye motar a ranar, kada ka jira irin tawa mahaɗar.

Na koma gida na ba maiɗakina haƙuri, na gaya mata ita ce ta fara gano ciwon. Ta ce ta ji, amma sharaɗinta na nan: ba doguwar tafiya da yara a cikinta, kuma mu fara tara kuɗin wata. Na amince, domin na san kayan 504 na ƙara wuya a kasuwa, masu saninta irin dattijon nan kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta yi wata guda ba ta shiga ba. Ranar da ta yarda na kai ta asibiti, muna tsaye a danja ta ɗan saurara, ta ce, "Yau kam muryarta ta dawo irin ta da."

A daren na ɗauko littafin mai bangon shuɗi. A ƙarƙashin layin mahaifina na ƙarshe na rubuta kwanan wata, da kilomita, da tiyo, da tukunyar birki, da abin da na biya, har da kuɗin dubawa a layinsa daban. Rubutuna bai kai nasa kyau ba. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya kai haske kabarinsa, mu kuma Ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu.